Ƙwayar Ciwon Sukari da Sharuɗɗan Shanta

Ya ku jama'a masu saurarenmu a cikin Gusau, tun daga Kanwuri har Tudun Wada da Samaru, da mutanen Tsafe har zuwa 'Yandoto, da na Bunguɗu da Nahuce da waɗanda ke zaune gindin dutsen Kwatarkwashi. Wannan fili na kiwon lafiya, a yau za mu ƙare shi kacokan a kan 'yar ƙwayar nan da likita ke rubuta wa baligin da awo ya tabbatar yana da ciwon sukari.

Abin da ya sa na zaɓi wannan mas'ala shi ne wata magana da na sha ji a bakin dattawa da 'yan kasuwa, maza da mata, wadda idan ba a warware ta ba duk sauran bayani aikin banza ne. Mutum zai je asibiti da ƙishirwa wadda randa ba ta kashewa, da fitsarin dare sau biyar ko shida, da rama alhali yana cin abinci, a auna shi, a rubuta masa magani, ya sha kwana arba'in, ya ji ƙarfinsa ya komo, sa'an nan ya ce alhamdu lillahi ya warke, ya jefa ragowar katin a ƙarƙashin katifa. Uzurinsa kuwa sananne ne, gama mu duka a kan zazzaɓin cizon sauro muka fara sanin ƙwayar asibiti, inda ake sha kwana uku a tashi a kama harka, saboda haka muka ɗauka kowace ƙwaya haka hukuncinta yake. To, wannan shi ne abin da malaman usulu ke kira ƙiyasi tare da bambanci, watau auna abu da wanda bai yi kama da shi ba. Maganin zazzaɓi baƙo yake kora daga cikin jini, in baƙon ya fita shi ke nan. Ciwon sukari kuwa rauni ne da ya samu jikin kansa, ƙwayar tana tallafar wannan rauni ne muddin tana cikin jini, ran da aka janye ta sai sukarin ya sake hawa sannu a hankali, sau da yawa ba tare da mai shi ya ji komai ba, har sai ido ya fara hazo, ko ƙoda ta gaji, ko wani ɗan ƙurji a yatsan ƙafa ya rikiɗe ya zama gyambon da ba ya jin magani.

Ciwon ba baƙo ba ne ga malaman ɗibbu na da. Ibn Sina, a cikin littafinsa Alƙanun da ya kammala a wajen shekarar 1025, ya siffanta shi, ya ambaci zaƙin fitsarin mai shi da ruɓewar gaɓoɓi da kan biyo baya, kamar yadda tsofaffinmu suka lura da kiyashi na taruwa inda mai ciwon ya yi bawali. Abin da likitocin zamani suka ƙara shi ne sanin sababi. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi, ana ce mata fankiriyas, ita ke fitar da wani ruwa mai suna insulin, wanda aikinsa ya yi kama da na ɗan dako a kasuwar hatsi: tuwon dawa da hoce da fura da muka ci duk sukan narke su zama sukari su shiga jini, shi kuwa insulin shi ke ɗauke buhunan daga bakin hanya ya shigar da su rumbunan tsoka da hanta. Idan 'yan dako suka yi kaɗan, ko kuwa ƙofofin rumbu suka cije, sai kaya su cushe hanya. Ciwon kashi biyu ne. Mai kashi na farko, wanda gaɓarsa ta daina fitar da insulin ɗungum, galibi yara da samari, ba ƙwayar da za ta wadatar da shi, allura ce wajibinsa. Maganarmu ta yau a kan kashi na biyu take, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, mai kama manya, wanda akan tabbatar da shi idan awon safe kafin a karya ya kai 126, ko kuwa 7.0 a injin da ke ƙirga da ƙananan lambobi.

Ƙwayoyin nan dangi-dangi ne, kowane dangi da hanyar da yake bi, wanda bai san dangin tasa ba kuwa yana cikin hatsari ko da bai taɓa tsallake sha ba.

Ta farko, wadda mafi yawan masu saurare za su tarar a cikin ledarsu, ita ce metfomin, fara ce, babba, mai miligiram 500 ko 850 ko 1000, wadda da yawa suka fi sani da sunan Glucophage. Asalinta abin sha'awa ne ga masu ganin maganin asibiti da na gargajiya ba sa ga maciji, domin daga wata ciyawa da masu maganin ƙauyukan Turai suka daɗe suna jiƙawa aka fara gano sinadarin da ya yi mata jagora. An haɗa ta a birnin Dublin a 1922, daidai lokacin da labarin insulin, wanda aka gano a Toronto ta Kanada a 1921, ya cika duniya, saboda haka ba a mai da hankali a kanta sosai ba, sai a 1957 wani likita a Faransa mai suna Jean Sterne ya gwada ta a kan masu ciwon sukari ya bayyana sakamakon. Aikinta mafi girma a hanta yake. Hanta ma'aji ce, takan saki sukari cikin jini da dare da tsakanin abinci domin kada mutum ya faɗi, amma a jikin mai wannan ciwo sai ta yi israfi, ta yi ta saki ba bisa mizani ba, abin da ya sa za ka ga mutum ya kwana bai ci komai ba, ya wayi gari awonsa ya hau. Metfomin ita ke tsawata wa hanta, ta kuma sassauta ƙofofin rumbun nan da suka cije. Falalarta ita ce, idan ita kaɗai ake sha, da wuya ta kā da sukari ƙasa da ƙima, ba ta kuma sa ƙiba.

Aibinta kuwa ciki ne. A makonnin farko takan kawo tashin zuciya, da gudawa, da wani ɗanɗano kamar an tsotsi ƙarfe, wannan ne kuma ya raba mutane da yawa da ita tun ba su ga amfaninta ba. Dabarar ita ce a fara da kaɗan kamar yadda likita ya tsara, a sha ta a tsakiyar cin abinci ko da gama shi, a yi haƙuri mako biyu ko uku, galibi cikin yakan lafa. In ya ƙi, akwai irin da ke narkewa sannu sannu, sai a nema. Sharaɗinta babba shi ne lafiyar ƙoda, gama ta nan take fita, saboda haka wajibi ne a auna ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Ranar da amai da gudawa suka kama mutum har ruwan jikinsa ya ƙafe, irin wanda mukan gani da damina, sai a dakatar da ita a nufi asibiti, kada a ce za a cika ƙa'ida. Wanda ya shekara da shekaru a kanta, ya fara jin tafin ƙafarsa na dindiris ko kamar ana tsira masa allura, ya gaya wa likita, domin wani lokaci ciwon ne ya taɓa jijiya, wani lokaci kuwa ƙwayar ce ta rage masa bitamin B12, wannan na biyun gyaransa mai sauƙi ne.

Dangi na biyu su ne nake roƙon a tattara hankali a kansu. A cikinsu akwai gilibenkilamid, 'yar ƙarama wadda aka fi sani da Daonil, da gilikilazid da ake sayarwa da sunan Diamicron, da gilimefirid mai sunan Amaryl. Yadda aka gano su ma ya isa gargaɗi. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani likita a birnin Montpellier na Faransa, Marcel Janbon, yana gwada wani sabon magani a kan masu zazzaɓin taifot, sai ya ga waɗansunsu na suma, waɗansu har suka rasu, da aka bincika sai aka tarar sukarin jininsu ne ya faɗi warwas. Daga wannan musiba aka gane cewa ga abin da zai amfani masu ciwon sukari. Su waɗannan ƙwayoyi tatsar fankiriyas suke yi, su tilasta ta ta fito da insulin, kuma ba ruwansu da ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Da zarar ka haɗiya, 'yan dako sun fito aiki, in ba su sami buhu a hanya ba sai su kwashe ɗan guzurin da ƙwaƙwalwa ke rayuwa a kansa.

Na ga wannan da idona a jikin wani dattijo ɗan'uwanmu, manomi a wani ƙauye ta wajen Bunguɗu. Lokacin noman farko ne, ya yi sallar asuba, ya haɗiye ƙwayarsa da ruwa, ya saɓi fartanya da niyyar in hantsi ya yi a biyo shi da fura. Yarinyar da aka aika ta yi jinkiri. Kafin rana ta take tsaka sai gumi ya karyo masa, hannu ya kama rawa, ya shiga faɗa da 'ya'yansa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga nan magana ta fara sarƙewa, ya zauna a kan kunya yana kallon mutane kamar bai san su ba. Nan da nan aka ce iska ce ta buge shi, wani ya ruga neman turare, wani ya fara tofi. Allah Ya kawo wani malamin asibiti a kan babur, ya tsaya, ya durƙusa ya ce, "Baba, mi kac ci yau?" Da ƙyar ya amsa, "Ban ci komi ba, ɗana, sai ƙwayar nan." Aka samo sukari wurin mai shayi, aka dama aka ba shi tun yana iya haɗiya, kafin a jima sai ga dattijo ya dawo hayyacinsa yana tambayar abin da ya tara jama'a a gonarsa. Ba na hana tofi, addu'a ba ta taɓa zama hasara ba, amma da an tsaya a kanta kaɗai a wannan rana da wani labarin ake yi.

Saboda haka ga ƙa'idar, a riƙe ta kamar karatun allo. Mai shan ɗaya daga cikin wannan dangi ba ya haɗiya sai abinci na gabansa, ba ya kuma fita gona ko kasuwa ko doguwar tafiya ba tare da dabino ko ƙullin sukari a aljihu ba. In ya ji yunwa mai tsanani farat ɗaya, da gumi, da makyarkyata, da bugun zuciya, ko awo ya nuna ƙasa da 70, watau 3.9, sai ya sha sukari cokalin shayi uku a cikin ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba, ya dakata minti 15, in bai ji daidai ba ya maimaita, sa'an nan ya ci abinci sosai. In kuwa ya riga ya suma, haramun ne a ɗura masa komai a baki, gama zai shaƙe; a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Ko ya farfaɗo a gida ma a kai shi, domin gilibenkilamid takan daɗe a jiki, ta sake kā da mutum bayan an ɗauka an tsira, musamman tsoho da mai raunin ƙoda, shi ya sa likitoci da yawa yanzu suka fi son ba tsofaffi gilikilazid. Matan gida da manyan 'ya'ya su ya kamata su fi kowa sanin waɗannan alamomi, don shi mai abin, in ta taso masa, hankalinsa ne farkon abin da ke tafiya.

Akwai sababbin dangogi, zan taƙaita a kansu saboda tsadarsu ta sa ba kowa ke kai wa gare su ba. Waɗansu, irin su Januvia da Galvus, ta hanji suke bi, su taimaki jiki ya fitar da insulin a lokacin da aka ci abinci kaɗai, saboda haka ba su cika kā da sukari ba. Waɗansu kuma, irin su Forxiga da Jardiance, ƙoda suke sa wa ta zubar da rarar sukari ta fitsari, an kuma tabbatar suna kare zuciya da ƙoda ga waɗanda ke da rauni a nan. Sai dai suna ƙara fitsari da ƙishirwa, suna kuma jawo ƙaiƙayin gaba in ba a kula da tsarki ba, abin lura ne ƙwarai a garin da zafin bazara kan kai digiri 40.

Sau da yawa mutum yakan yi fushi in likita ya ƙara masa ƙwaya ta biyu, ya ce ashe ta farkon ba ta da kirki, ko kuwa ya zargi kansa da gafala. Ba lalle ba ne ko ɗaya. Wani dogon bincike da aka fara a Ingila a 1977, aka bi mutane sama da 5,000, aka bayyana sakamakonsa a 1998, ya nuna ɗabi'ar ciwon ce ya yi ta ci gaba da shekaru: bayan shekara 3 kimanin rabin masu shan magani iri ɗaya sun bukaci ƙari, bayan shekara 9 kuwa kusan uku cikin huɗu. Wannan binciken dai shi ya nuna metfomin na rage ciwon zuciya da mutuwa ga masu ƙiba, abin da ya ɗaukaka darajarta a duniya. In ma an kai ga allurar insulin, ba alamar ajali ba ce kamar yadda ake raɗe-raɗi a zaure. Abin da ya sa ake ganin wanda aka fara yi wa allura bai daɗe ba shi ne an ƙi ta shekara da shekaru, sai da gaɓoɓi suka gama lalacewa aka yarda. Mizanin da likita ke dubawa shi ne awon nan na wata uku, wanda ke ba da labarin yadda sukari ya kasance a tsawon wannan muddar, ba na safiya ɗaya ba, ana kuma yin sa a manyan asibitoci irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a nan Gusau. Mace mai shan ƙwaya in ta sami juna biyu, ko tana nufin samu, ta sanar da likita da wuri.

Sai maganar saye, wadda ita ce inda talaka ke kuka. Na san akwai mai sayen kati ɗaya yana gutsura ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata, na kuma san halin da hanyoyinmu ke ciki ya sa mutumin ƙauyen Tsafe ba kullum yake iya shigowa gari ran da ya so ba. Shawarata ita ce a gaya wa likita gaskiyar aljihu, gama metfomin ɗaya ce ko da wane kamfani ya yi ta, muddin tana da rajistar hukumar NAFDAC, wani sunan kuwa ya fi wani araha ninki-ba-ninki. A rubuta sunan maganin da adadin miligiram a takarda a ajiye tare da katin shaida, domin wanda tashin hankali ya raba da gidansa da dare, in ya iso wani gari ya ce "fara ce 'yar ƙarama", ba mai kemis ɗin da zai iya gane ta, farare ƙanana sun fi ɗari. A sayi na gaba tun saura na mako biyu. Kada a bar ta a gaban mota ko a ƙarƙashin kwanon ɗaki inda rana ke dafawa. Jabu kuma gaskiya ne: lokacin da aka ƙaddamar da tsarin nan na kankare lamba a jikin kwali a aika ta wayar hannu a 2010, Glucophage aka fara gwada shi a kanta. In kwalinka na da wannan lamba, kankare ka aika tun kana tsaye a gaban kanta. Aron ƙwayar maƙwabci kuwa, don ai ciwonku ɗaya, shi ne hanya mafi kusa zuwa irin abin da ya sami dattijon nan a gona.

Game da zogale da shuwaka da garafuni da hulba, ban zo in yi musu da kowa ba, ganye a cikin abinci alheri ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kansa ya yi wallafe-wallafe a kan ɗibbu. Abin da nake tsoro shi ne garin magani da ruwan jarka da ake tallarsu da lasifika a tasha, ana rantsuwa suna tumɓuke ciwon daga saiwa cikin mako biyu, alhali ba wanda ya san abin da aka zuba ciki. A Singafo, a 2008, an kwantar da mutum 150 waɗanda ba su da ciwon sukari ko kaɗan, huɗu suka rasu, sababin kuwa maganin ƙarfin maza ne na bayan fage da aka cakuɗa da gilibenkilamid. Haka nan ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke sha, da haɗe-haɗen ciwon gaɓɓai da ake ƙullawa a leda, da yawansu na ɗauke da deksametason, shi kuwa tayar da sukari yake yi ya rushe duk abin da maganin likita ya gina. Duk abin da kake sha, na asibiti da na gida, tara shi a leda ka kai gaban likita, ba zai ci ka tara ba.

Saura azumi. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, ta kuma ɗora hukuncin a kan ƙwararren likita amintacce, saboda haka mai ciwon sukari ya je a duba shi tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, kada ya bari sai an ga wata. Da yawa daga masu shan metfomin kaɗai sukan yi azuminsu lafiya, a raba musu ita kashi biyu cikin uku da buɗa-baki, kashi ɗaya da sahur. Masu shan dangin nan mai tatsa kuwa, galibi akan mai da babban rabonsu wurin buɗa-baki a rage na sahur, ko a canza musu iri, wannan kuwa aikin likita ne, ba na ijtihadin mai ciwo ba. A jinkirta sahur, a sassauta wa kunu da zoɓo sukari. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi a wurin jumhurun malaman zamaninmu, saboda haka a auna da rana. In awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko alamomin nan na gumi da makyarkyata suka bayyana, sai a sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira magariba, a rama wata rana in an sami iko, in kuwa likita ya ce ba za a taɓa iyawa ba, sai a tambayi malami hukuncin ciyarwa.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki maganar ƙafar mai ciwon sukari, da yankan farce, da irin takalmin da ya dace da mai shiga gona.